YUNFA SARKIN GOBIR DA FAƊUWAR ALƘALAWA

Yunfa ɗan Nafata ya hau gadon sarautar Gobir wajen shekara ta 1802. Jikan Babari ne, watau sarkin nan da ya ƙone Birnin Zamfara, ya kuma kafa Alƙalawa a kan ƙasar Zamfarawa. Ashe ke nan Yunfa ya gaji birni mai ganuwa da dawaki da 'yan lifidi, ya kuma gaji gabar maƙwabta waɗanda ba su manta da abin da kakansa ya yi musu ba. An ce yana yaro ya yi karatu wajen Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, amma da ya zama sarki sai zama ya ƙi daɗi tsakaninsu. Bayan harin da ya kai wa mutanen Abdussalami a Gimbana, Shehu ya yi hijira daga Ɗagel zuwa Gudu cikin watan Fabrairu na 1804.

A Tafkin Kwatto, cikin watan Yuni na wannan shekara, Yunfa ya fito da mayaƙan Gobir da Buzaye, ya dogara da ƙarfin doki. 'Yan baka na jama'ar Shehu suka tsaya kyam, dawakin Gobir suka watse, shi kuma ya tsira da ƙyar. To, a nan ne ya nuna hangen nesa, gama nan da nan ya aika wa sarakunan Katsina da Kano da Zazzau da Daura da Azbin, yana faɗakar da su cewa wutar da ta kama gidansa ba za ta bar nasu ba. Sun ji, amma wasunsu suka juya kan malaman ƙasashensu, ba su haɗa runduna guda ba.

Duk da haka bai kamata a ɗauki Yunfa rago ba. A Tsuntsuwa, ƙarshen 1804, shi da Buzaye sun yi wa masu jihadi mummunar ɓarna, aka kashe wajen mutum 2,000, cikinsu har da mahaddata Alƙur'ani kimanin 200. A 1805 kuwa yunwa ta sa jama'ar Shehu suka riƙa kwasar abincin Zamfarawa, waɗanda da farko suka karɓe su saboda ƙin Gobir, sai Zamfarawa suka juya musu baya. Gobirawa da Buzaye da Kabawa da Zamfarawa suka haɗu, suka ci nasara a Alwasa, suka bi sawu har Gwandu. A can aka kore su, taron ya watse, kowa ya kama gabansa.

A ganina, nan ne asirin faɗuwar Yunfa yake. Ƙawancensa na fage ɗaya ne: Buzu ya zo don ganima, Bazamfare ya zo don fushin rumbunsa da aka fasa, babu abin da zai riƙe su in an kwana biyu ba a ci gari ba. Muhammadu Bello kuwa bai sake ɗora dukkan ƙarfinsa a kan ganuwar Alƙalawa ba sai da ya sassare mata rassa. Ya gana da shugabannin jama'ar gabas a Birnin Gada, ya ci 'Yandoto, tsohon garin malamai da ke nan kusa da Tsafe, hanyar Katsina ta buɗe. A 1806 Namoda ya fatattaki Buzaye a Fafara kusa da Zurmi, Zamfara ta kuɓuce wa Yunfa. A 1807 Katsina da Kano suka faɗi, sarakunansu suka zama 'yan gudun hijira.

Mai karatun tarihin Turai zai tuna da Nafoliyon na Faransa, wanda ya yi zamani da Yunfa. Muddin yana gamuwa da abokan gabarsa ɗaya bayan ɗaya, yawanci cin su yake yi. Sai da Rasha da Furusiya da Ostiriya da Suwidin suka taru a kansa a Laifzig cikin 1813 sa'an nan ƙarfinsa ya karye. Bambancin kawai shi ne, Yunfa ne ya fara neman haɗa taron dangi, aka ƙarasa haɗa shi a kansa.

Da kakar 1808 ta yi, rundunoni suka nufo Alƙalawa ta fuskoki dabam-dabam ƙarƙashin Bello: ga Aliyu Jeɗo, ga Namoda da mutanen Zamfara, ga Umaru Dallaji da na Katsina. Wannan karon ba wanda ya kawo wa Gobir gudummawar da za ta fisshe ta. Birnin ya faɗi cikin watan Oktoba, aka kashe Yunfa tare da jarumawansa a ciki, bayan ya yi shekara shida kacal bisa gado. Gobirawan da suka ƙi miƙa wuya suka ci gaba da yaƙi, har suka kafa sabuwar hedikwata a Tsibiri kusa da Maraɗi bayan yaƙin Gawakuke na 1836.