Hassan Usman Katsina

Hassan Usman Katsina (an haife shi a ranar 31 ga watan Maris, 1933, ya rasu a ranar 24 ga watan Yuli, 1995) hafsan sojan Najeriya ne wanda ya kai muƙamin Manjo Janar, kuma shi ne Ciroman Katsina. Shi ne gwamnan soja na Jihar Arewa daga watan Janairun 1966 zuwa watan Mayun 1967, wato lokacin da Jamhuriya ta Farko ta rushe, mulki ya koma hannun sojoji. Daga baya ya zama shugaban hafsoshin sojan ƙasa a lokacin yaƙin basasa.

Asali da karatu

An haife shi a birnin Katsina, a gidan sarautar Sulluɓawa. Mahaifinsa shi ne Sarkin Katsina Usman Nagogo, wanda ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1981, kakansa kuma Sarki Muhammadu Dikko. Ɗan'uwansa Muhammadu Kabir Usman shi ya gaji mahaifinsu a kan karaga. Hassan ya fara karatu a elementare ta Kankiya, ya wuce Midil ta Katsina, sannan Kwalejin Barewa. Ya shiga aikin soja a 1956, aka tura shi Ingila inda ya yi horo a makarantar hafsoshi ta Sandhurst, ya fito da muƙamin hafsa a 1958. A wancan zamani 'ya'yan sarakuna sun fi karkata ga aikin En'e, ba kasafai ake ganinsu a bariki ba.

Rushewar Jamhuriya ta Farko

Najeriya ta zama jamhuriya a ranar 1 ga Oktoba, 1963, amma tun kafin nan ginin ya fara tsagewa. An kafa dokar ta-ɓaci a Jihar Yamma a 1962. An yi ta rigima a kan ƙidayar jama'a ta 1962 da ta 1963. Zaɓen tarayya na Disambar 1964 ya zo da ƙauracewa da zargin maguɗi, na Jihar Yamma kuma a Oktobar 1965 ya ƙare da ƙone-ƙone da kashe-kashe. 'Yan siyasa sun saba kiran sojoji su kwantar da tarzomar cikin gida, kamar yadda aka yi a ƙasar Tibi a 1964, kuma a nan ne wasu ƙananan hafsoshi suka fara ganin cewa gwamnatin ba ta iya tsayuwa sai da bindigarsu.

A daren 15 ga Janairu, 1966, wasu manjoji suka yi yunƙurin juyin mulki. A Kaduna, Manjo Chukwuma Kaduna Nzeogwu ya jagoranci kisan Firimiyan Arewa, Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello. An kashe Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Firimiyan Yamma Samuel Akintola, da manyan hafsoshi irin su Birgediya Zakariya Maimalari da Kanar Kur Mohammed. A lokacin Hassan yana Manjo, yana jagorantar rundunar motoci masu sulke da ke Kaduna. Ba ya cikin waɗanda suka ƙulla shirin. Marubuta tarihin sojan Najeriya sun ruwaito cewa Nzeogwu ya same shi riƙe da bindiga, ya nemi ya faɗi ɓangaren da yake, shi kuma ya nuna yana tare da shi. Wasu sun daɗe suna yi masa gori da wannan. Sai dai wanda ya duba adadin hafsoshin Arewa da aka kashe a wannan dare zai gane cewa zaɓin da ke gabansa bai da yawa.

Yunƙurin manjojin bai yi nasara ba, amma jamhuriyar ma ba ta tsira ba. Ministocin da suka rage sun miƙa mulki ga kwamandan soja, Manjo Janar Aguiyi-Ironsi, wanda ya jingine sassan tsarin mulki, ya fara mulki da dokokin soja. Ya naɗa gwamnoni huɗu: Odumegwu Ojukwu a Gabas, Adekunle Fajuyi a Yamma, David Ejoor a Yamma ta Tsakiya, sai Hassan a Arewa, da muƙamin Laftanar Kanar. Shekarunsa 32 a lokacin.

Gwamnan Arewa

Kujerar da ya hau ta mai wuyar zama ce. Ya zo mulkin jama'ar da ke cikin makokin shugabanninta, a madadin gwamnatin da da yawa daga cikinsu suke zargi. Abin da ya taimake shi shi ne gidan da ya fito. Sarakuna sun san mahaifinsa, sun san kakansa, don haka maganar da ba za su karɓa daga bakin wani soja ba suna iya sauraronta daga bakinsa. Bai rusa tsarin aikin gwamnati da Sardauna ya bari ba. Ya jingina da ma'aikata irin su Ali Akilu, sakataren gwamnati, kuma tsohon gwamnan farar hula, Kashim Ibrahim, ya zama mai ba shi shawara.

A ranar 24 ga Mayu, 1966, Ironsi ya fitar da doka mai lamba 34, wadda ta soke tsarin tarayya, ta mayar da jihohi rukunin larduna, ta kuma nufi haɗe aikin gwamnati wuri guda. An kuma haramta jam'iyyun siyasa. A Arewa, inda masu ilimin boko ba su kai na Kudu yawa ba, an fahimci dokar a matsayin hanyar ƙwace guraben aiki. Cikin 'yan kwanaki tarzoma ta ɓarke a Kano, Zariya da wasu garuruwa, aka kashe Inyamurai da dama. A lokacin ne kalmar araba, wadda asalinta a raba ne, ta shiga bakin jama'a a matsayin kiran ɓallewa. Sarakunan Arewa suka taru a Kaduna a watan Yuni, suka aika wa Ironsi da kokensu.

Ranar 29 ga Yuli hafsoshin Arewa suka yi juyin mulkin ramuwa, aka kashe Ironsi da Fajuyi a Ibadan, Yakubu Gowon ya zama shugaban ƙasa. Hassan ya ci gaba da riƙe Arewa, kuma a ƙarƙashin gwamnatinsa ne aka yi kashe-kashen ƙarshen Satumba da farkon Oktoba na 1966, waɗanda suka fi na Mayu muni nesa ba kusa ba. Dubban mutanen Gabas sun rasa rayukansu, wasu a hannun sojojin da suka yi bore a Kano, kuma ɗimbin jama'a suka bar dukiyarsu suka gudu gida. Wannan shi ne babban tabo a tarihin gwamnatinsa. Ya yi kiraye-kirayen a tsagaita, amma ikonsa a kan bariki bai kai ya hana abin ba.

Ya halarci taron Aburi a ƙasar Ghana a ranakun 4 da 5 ga Janairu, 1967, wanda bai hana rabuwar kai ba. Ranar 27 ga Mayu Gowon ya raba ƙasar zuwa jihohi 12, shida daga ciki a Arewa, Katsina ta faɗa cikin Jihar Arewa ta Tsakiya. Hassan ya amince da rushe jihar da yake mulka, ya kuma shugabanci hukumar riƙon ƙwarya da aka kafa don kula da kadarori da hukumomin da sababbin jihohin shida suka gada tare.

Yaƙin basasa da bayansa

Ojukwu ya ayyana ƙasar Biyafara a ranar 30 ga Mayu, 1967, yaƙi ya fara a watan Yuli. Hassan ya zama shugaban hafsoshin sojan ƙasa a 1968, ya riƙe muƙamin har zuwa farkon 1971. A lokacin yaƙin rundunar ta kumbura daga sojoji kimanin 10,000 zuwa fiye da 200,000. Bayan nan ya zama mataimakin shugaban hafsoshi a babbar hedikwatar soja.

Sojoji sun karɓi mulki ne da sunan gyara na ɗan lokaci. A 1970 Gowon ya sa 1976 a matsayin shekarar miƙa mulki, amma a ranar 1 ga Oktoba, 1974, ya janye alkawarin. Masu nazarin siyasa kan kwatanta irin wannan da abin da ya faru ga Rumawa. A jamhuriyarsu akwai muƙamin mai cikakken iko da ake bai wa mutum ɗaya a lokacin tsanani, na wata shida kacal. Janar Sulla ya karɓe shi ba tare da wa'adi ba a shekara ta 82 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), Yuliyas Kaisar kuma ya mayar da shi na har abada a shekara ta 44. A Najeriya riƙon ya ɗauki fiye da shekara 13, har zuwa 1 ga Oktoba, 1979.

Hassan bai kai ƙarshen wannan zango cikin kaki ba. An yi masa ritaya bayan juyin mulkin 29 ga Yuli, 1975, wanda ya kawo Murtala Muhammed.

Ƙarshen rayuwa

Bayan ritaya ya zauna a matsayin dattijon Arewa da ake zuwa neman shawararsa. Ya kuma ba da ƙarfinsa ga wasan folo, wanda gidansu ya yi suna a kai tun zamanin Sarki Dikko. Ya rasu yana da shekara 62, a lokacin mulkin Janar Sani Abacha. An sa sunansa ga kwalejin kimiyya da fasaha ta Jihar Katsina, da gidan gwamnati da ke Kawo a Kaduna, da wurin shaƙatawa na bakin Kogin Kaduna wanda a da ake kira Gamji.