Rowland Bingham, mutumin da ya fara aikinsa da kaburbura biyu

A Tsibiri, cikin gundumar Gidan Runji, da kuma Agiye, akwai majami'un da asalinsu ke komawa ga mishan ta SIM. Kaɗan ne daga cikin masu shiga ciki ran Lahadi suka san cewa mishan ɗin ta soma ne da makoki.

An haifi Rowland Bingham a Ingila a 1872, ya yi ƙaura zuwa Kanada yana saurayi. A watan Disamba na 1893 ya sauka Legas tare da abokansa biyu, Walter Gowans da Thomas Kent, da niyyar shiga ƙasar Hausa. Ba wata babbar ƙungiya a bayansu, kuɗi ma babu. Zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da Bingham, sai ya tsaya Legas yana tura musu kaya. Kafin 1894 ta ƙare, Gowans ya rasu a Girku, kusa da Zariya, Kent kuma a Bida. Bingham ya koma Kanada shi kaɗai.

Abin ya girgiza imaninsa. A lokacin akwai masu wa'azin cewa mai bi na gaskiya addu'a ta ishe shi, ba ya buƙatar magani. To, me ya kashe abokansa, ƙarancin bangaskiya? Tambayar ta daɗe tana cin sa. Amsar da ya tsaya a kanta, wadda ya bayyana daga baya cikin littafinsa The Bible and the Body, ita ce alkawarin cikakkiyar lafiyar jiki na ranar tashin matattu ne. Kafin ranar, mai bi yana ciwo yana mutuwa kamar kowa, don haka a yi addu'a, a kuma nemi likita. Ga Kirista, Almasihu ya tashi daga kabari, saboda haka kabarin Girku ba shi ne ƙarshen labarin Gowans ba.

A ganina wannan ne ya ba shi ƙarfin sake gwadawa. A 1900 ya dawo Legas, zazzaɓi ya sake mayar da shi gida. Sai a karo na uku, a 1902, mutanensa suka kafa tasha a Patigi, bakin kogin Kwara.

SIM ta iso Damagaram a 1924, daga baya Tsibiri. Bingham ya rasu a 1942, bai ga asibitin Galmi da aka buɗe a 1950 ba, haka ma asibitin kutare na Danja, kusa da Maraɗi. Galibin majinyatan da ke zuwa waɗannan wurare Musulmi ne, su ma masu imani da ranar tashin alƙiyama, ko da yake sun saɓa da Kirista kan mutuwar Annabi Isa. A layin karɓar magani dai, ba wanda ke tayar da wannan muhawara.