Baba Yara: Gwanin Ƙwallon Da Hanya Ta Ci

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini, in tuna wa samarinmu na Kura da Bunkure tarihin wani gwanin ƙwallon ƙafa, don akwai darasi a cikinsa.

Sunansa na yanka Usman Saidu, amma duniya ta fi saninsa da Baba Yara, suna wanda ba sai an fassara wa Bahaushe ba. An haife shi a Kumasi ta ƙasar Gana a 1936. Yana yaro sukuwar doki ya fara yi a Ankara, kafin ya koma wa tamola. A 1955 ya shiga ƙungiyar Asante Kotoko, a shekarar nan kuma aka ɗauke shi cikin 'yan wasan ƙasa. Ita ce shekarar da suka lallasa Nijeriya da ci 7 ba ko ɗaya, kashin da har yau ba mu sake shan irinsa ba. Lamba bakwai yake bugawa, watau gefen dama. Saboda gudu da iya yanka, har aka yi masa laƙabi da sarkin 'yan wasan gefe na Afirka ta Yamma.

A 1961, zamanin mulkin Kwame Nkrumah, aka tattaro zaratan 'yan wasa daga ƙungiyoyi daban-daban aka kafa Real Republicans, shi ma aka ɗauke shi daga Kotoko. Lokacin nan Gana tana tashe ƙwarai, don kuwa a 1962 Real Madrid ta Sifen ta zo Ankara, aka tashi 3 da 3.

To, ana cikin haka ne ƙaddara ta faɗa. Ranar 24 ga Maris 1963, suna komowa daga wasa a garin Kpandu, motarsu ta yi haɗari a Kpeve. Baba Yara ya samu rauni a laka, ƙafafunsa suka shanye, yana ɗan shekara 26. Aka kai shi asibitin Stoke Mandeville a Ingila, amma ya dawo gida a keken guragu. A ƙarshen shekarar nan Gana ta ci kofin Afirka a gida, shi kuwa yana kwance. Allah ya yi masa rasuwa ranar 5 ga Mayu 1969, yana da shekara 32. Sai bayan shekara talatin da ɗoriya, a mulkin John Kufuor, aka sa wa babban filin wasa na Kumasi sunansa.

Abin da ya sa na kawo wannan tarihi, jama'a, a nan wajenmu ina ganin yadda ake cusa yara ashirin ko fiye a bayan a-kori-kura, a bi titin Kano zuwa Zariya da su don wasan sada zumunta, a dawo cikin dare da gudu. In wani ya karye, sai a bar wa iyayensa jinya. Wanda ƙasa guda ta tsaya masa ma bai sake takawa ba, balle ɗan talaka?

Ni ban ce a bar ƙwallo ba, sana'a ce, kuma tana haɗa zumunci. Amma jarin ɗan ƙwallo ƙafarsa ce, rana ɗaya tana iya karyewa. Don haka ina kira ga masu riƙe da kulob-kulob, su nemi mota mai lafiya da direba mai natsuwa, su kuma buɗe asusun jinya ko da na ɗari-ɗari ne. Ku kuma samari, Allah ya ba mu ruwan Tiga, ga shinkafa ga tumatir rani da damina. A yi atisaye da yamma, amma da safe a riƙe fartanya ko littafi.

Allah ya jiƙan Baba Yara, ya kiyaye mana hanyoyinmu, amin.

Naku,
Mai karatu a kullum,
Kura, Jihar Kano.