WALIYYI MARTIN NA PORRES: ƊAN DA AKA ƘI YA ZAMA UBAN MARAYU

Ranar 3 ga watan Nuwamba ta kowace shekara Ikkilisiya Katolika takan tuna da Waliyyi Martin na Porres. Da yawa daga cikinmu mun san hotonsa: baƙin mutum cikin tufafin 'yan zuhudu, riƙe da tsintsiya. Wannan tsintsiya tana da tarihi, kuma tarihin ya shafi duk wanda ya taɓa ɗanɗana zafin ƙiyayya.

An haifi Martin ranar 9 ga Disamba, 1579, a Lima, babban birnin Peru a Kudancin Amurka, lokacin da ƙasar take ƙarƙashin mulkin Sifen. Mahaifinsa, Juan de Porres, babban mutum ne daga Sifen. Mahaifiyarsa, Ana Velázquez, 'yantacciyar baiwa ce daga Panama, mai asalin Afirka. Ba su yi aure ba. Da yaron ya fito da launin uwarsa, uban ya ƙi karɓarsa, har aka rubuta a littafin baftisma na majami'ar San Sebastián cewa ba a san ubansa ba. Bayan haihuwar ƙanwarsa Juana, uban ya bar su, uwar ta ci gaba da renon su cikin talauci. Daga baya ne ya amince da su, ya ɗauki nauyin karatunsu na ɗan lokaci.

Yana da shekara 12 aka kai shi koyon wanzanci. Wanzamin wancan zamani shi ne likitan talaka: yana aski, yana tsaga, yana cire haƙori, yana ɗaure rauni, yana haɗa magani. A nan Martin ya fara sanin ciwon mutane da hannunsa.

Da ya kai shekara 15, ya nemi shiga gidan zuhudu na Rozari Mai Tsarki na ƙungiyar Dominikan, ƙungiyar nan da 'ya'yanta suka yi aikin bishara a yankin Sakkwato da Gusau tun daga shekarun 1950. Amma dokar Peru ta lokacin ta hana 'ya'yan baƙar fata zama cikakkun 'yan zuhudu. Dokar zalunci ce, ba ta kuwa da tushe a cikin Bishara. Aka karɓe shi a matsayin bara kawai, mai shara da wanki da kwashe ƙazanta, a gidan da ke da mutum wajen 300. Sai a 1603, bayan shekara 9 yana wannan bauta, shugaban gidan ya kau da kai daga dokar, ya bar shi ya ɗauki alkawaran zuhudu.

Ko bayan haka bai huta ba. Cikin waɗanda suke addu'a tare da shi akwai masu kiransa kare, akwai masu yi masa gorin haihuwa da na bauta. Ƙin baƙo yana da sauƙin ɗauka. Ƙin ɗan'uwa a cikin gidan Allah shi ne mai ƙuna. Mutane da yawa da suka sha irin wannan, ko dai su karaya su raina kansu, ko kuwa zuciyarsu ta bushe su zauna jiran ranar ramuwa. Martin ya bi hanya ta uku. Yakan kwana a durƙushe gaban gicciye, yana duban Yesu Kristi wanda nasa suka ƙi shi, suka tofa masa yau, ya kuma roƙa musu gafara. A can ya gane cewa darajarsa tana hannun Uban da ya karɓe shi ranar baftisma, ba mai iya ƙwace ta da zagi. Wanda ya tabbata da wannan, bakin mutane ba ya girgiza shi.

Ƙarfin da ya samu ya bayyana cikin aiki. Aka ba shi kula da ɗakin marasa lafiya, ya riƙe shi har ƙarshen ransa. Waɗanda suka zage shi da lafiyarsu, shi ya yi jinyarsu da suka kwanta, bai rage musu kome ba. Da annoba ta auko, ya riƙa kwaso marasa lafiya daga titi. Da aka hana shi kawo su gidan zuhudu, ya kai su gidan ƙanwarsa. Ya yi jinyar bayin da aka kawo daga Afirka, waɗanda ba mai kula da su. Kowace rana yakan ciyar da matalauta da abin da ya roƙo daga masu hali. Shi wanda uba ya ƙi, shi ya sa aka kafa gidan marayu da yaran da aka yasar a Lima. An kuma ba da labari cewa sa'ad da bashi ya yi wa gidan zuhudun yawa, ya roƙi shugabansa ya sayar da shi a biya, shugaban ya ƙi.

Hausawa sun ce hassada ga mai rabo taki ce. Amma kada mu ɗauka ƙiyayya abu ne mai kyau. Zunubi ce, kuma masu yin ta za su ba da lissafi. Taki ba ya ba da amfani sai ya sami iri mai rai a ƙasa. Irin da ke cikin Martin shi ne addu'a da tawali'u da gafara. Ƙofofin da aka rufe masa sun tura shi wurin da matalauta suke, ya kuwa same su da zuciyar da ta san ciwonsu.

Ya rasu ranar 3 ga Nuwamba, 1639, yana gab da cika shekara 60. Wakilin sarkin Sifen da ke mulkin Peru ya zo gaishe shi a gadon ciwo, manyan gari da na Ikkilisiya kuma suka ɗauki gawarsa. Paparoma Gregori na 16 ya sa shi cikin masu albarka a 1837, Paparoma Yohanna na 23 kuma ya ɗaga shi zuwa matsayin waliyyi ranar 6 ga Mayu, 1962.

'Yan'uwa cikin Kristi, a cikinmu akwai waɗanda dangi suka juya wa baya, da waɗanda aka hana aiki ko aure saboda ƙabila ko asali ko bangaskiya. Kada mu bar ɗacin ya zama gado ga 'ya'yanmu. Mu nemi haƙƙinmu ta hanyar gaskiya, mu kai zafin gaban gicciye, mu ƙi ramuwa. Mu kuma duba majami'unmu da kyau: yaron da muke yi wa gorin haihuwa, da matar da ba mai zama kusa da ita a lokacin Misa, wataƙila su ne Allah yake shiryawa domin ceton wasu.

Waliyyi Martin na Porres, ka yi addu'a dominmu. Amin.