Likita Mila na Zariya da Horar da Masu Aikin Sa Kai

A shafin tarihi na bana mun ga ya kyautu mu kawo wa 'yan makaranta, da malamai, da 'yan'uwa cikin ikkilisiya labarin Likita Walter Miller, wanda mutanen Zazzau suka fi sani da Likita Mila. Mun zaɓe shi ne domin matsalar da ya fuskanta ita ce ke gabanmu a Kasuwar Daji da kewaye: aiki da yawa, ma'aikata kuwa ƙalilan.

An haifi Mila a ƙasar Ingila a 1872. Ya yi karatun likita a asibitin St. Bartholomew da ke Landan, sa'an nan ya miƙa kansa ga ƙungiyar mishan ta CMS. Kafin ya taka ƙasar Hausa sai da ya tafi Tarabulus, inda fatake da alhazai Hausawa ke yada zango, ya zauna a cikinsu yana koyon harshen. Wannan shi ne darasi na fari da ya bar mana. Wanda zai shugabanci mutane, dole ya fara zama ɗalibinsu.

A 1900 ya shigo tare da ayarin mutum biyar ƙarƙashin Bishop Tugwell. Sun kai har Kano, amma Sarki Aliyu ya umarce su da su bar garin. Suka juya zuwa Girku, inda ɗayansu, Dudley Ryder, ya riga mu gidan gaskiya. Mila bai karaya ba. A 1905 ya sami zama a cikin birnin Zariya, ya buɗe ɗakin shan magani da makaranta.

A wancan zamani gwamnatin Turawa ba ta sakar wa 'yan mishan mara a ƙasashen sarakuna ba, Turawan mishan ɗin kuma ba su da yawa, ga zazzaɓi yana kayar da su. Mila ya gane cewa in dai aikin zai tsaya a kan ƙafafunsa, sai 'yan ƙasa sun ɗauke shi. Saboda haka ya tara yara da samari a gidansa, yana ci da su, yana koya musu karatu da rubutun boko, da Maganar Allah, da yadda ake kula da majiyyaci. Ba a aji kaɗai horon ya tsaya ba. Suna ganin yadda yake yi, sa'an nan a ba su su gwada.

Amfanin wannan shiri ya bayyana a 1913. A shekarar ne waɗansu daga cikin Isawa suka zo wurinsa a Zariya. Su ne mabiyan Malam Ibrahim, malamin da aka kashe a Kano a ƙarni na 19 saboda koyarwarsa game da Annabi Isa. Ba wanda ya aike su, ba wanda ya biya su. Da ƙafarsu suka zo neman ƙarin sani. A 1914 aka kafa musu ƙauye a Gimi, tare da majami'a da makaranta, Rabaran W. A. Thompson, baƙin mutum daga tsibiran Karebiyan, yana lura da su. Ba a daɗe ba ciwon barci ya auka wa Gimi, ya kashe mutane da dama, har aka watse. Amma da yake an riga an koya musu karatu, abin da ke cikin kansu bai watse tare da ƙauyen ba. Waɗanda suka tsira suka haɗu da jama'ar Zariya.

A 1929 mishan ta tashi daga cikin birni ta koma Wusasa. A shekarar nan ce kuma layin dogo daga Zariya ya iso Kauran Namoda, ya kawo ma'aikata da 'yan kasuwa daga sassa dabam dabam, da masu bi a cikinsu. Shi kuwa Mila ya duƙufa kan fassara, tare da waɗansu 'yan mishan da malamai Hausawa, har aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Babu kayan aiki da ya taɓa sa wa mai sa kai a hannu da ya kai wannan. Tun daga lokacin, manomi ko mai ɗinki da ya iya karatu zai iya bi da sujada a ƙauyensu ko da fasto bai zo ba.

Mila ɗan adam ne, ba a rasa shi da aibu. An san shi da tsanani da kafiya, ya sha yin saɓani da jami'an mulkin mallaka da kuma masarauta. Duk da haka 'ya'yan itacen sun nuna irin itacen. Daga makarantar da ya dasa aka sami Dokta R. A. B. Dikko, likita na farko ɗan Arewa, wanda asibitin koyarwa na Barau Dikko a Kaduna ke ɗauke da sunansa, da Farfesa Ishaya Audu, shugaban Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Mila ya bar aikin CMS a 1935, daga baya ya dawo Nijeriya, ya rasu a Bukuru a 1952.

To, 'yan'uwa, mene ne namu a ciki? Daga Kasuwar Daji zuwa Kauran Namoda, Zurmi da Shinkafi, ikkilisiyoyinmu ƙanana ne, suna nesa da juna, rashin tsaro kuma ya sa tafiya ta yi wuya. Ranar da mai wa'azi ya kasa isowa, malamin Makarantar Lahadi, da uwar Zumuntar Mata, da shugaban mawaƙa su ne za su riƙe garken. In ba a horar da su ba, ƙofar majami'a za ta zauna a rufe.

Shugabanni, kada mu ɗora wa mutum kaya ba mu ba shi gammo ba. Mu nuna masa aikin, mu ba shi littafi, mu tsaya kusa sa'ad da yake gwadawa, mu gyara masa a keɓe, mu yaba masa a gaban jama'a. Haka Manzo Bulus ya gargaɗi Timoti a wasiƙarsa ta biyu, sura 2, cewa ya danƙa koyarwa ga amintattu waɗanda su ma za su koya wa waɗansu.

Ku kuma 'yan makaranta, musamman masu fita bana, kada ku ce sai kun girma. A lokacin hutu ku koya wa ƙannenku karatu, ku karanta wa tsoho Littafi, ku ziyarci mara lafiya ko wane ne shi. Da ƙuruciya waɗancan samarin Zariya suka fara. Ubangiji ya ba mu zuciyar hidima, amin.