Likitan Da Ya Tuhumi Hannunsa

Ke uwargida ta Miga da kika taɓa kwantawa a ɗakin haihuwa, ko a Jahun ko a Haɗejiya, kin ga ungozoma ta wanke hannu kafin ta taɓa ki. Wannan wankin hannu yana da tarihi, kuma da rayukan mata aka saye shi. Ke kuma 'yar makaranta mai son zama likita, matso kusa, domin labarin naki ne.

An haifi Ignaz Semmelweis a birnin Buda na ƙasar Hangari cikin 1818, ubansa ɗan kasuwa ne. Ya tafi Viyana, babban birnin Ostiriya, don koyon aikin shari'a, amma ya sake shawara ya koma likitanci, ya gama a 1844. Bayan shekara biyu aka ba shi aiki a babban asibitin Viyana.

To, asibitin nan ɗakin haihuwa biyu gare shi. A na farko ɗalibai masu koyon likita ke aiki, a na biyu ungozomomi. Abin mamaki, a ɗakin likitoci wajen mace 10 cikin 100 zazzaɓin jego ke kashewa, a na ungozomomi kuwa ba su kai 4 ba. Matan gari sun san haka sarai. Wata takan durƙusa tana roƙo kada a kai ta ɗakin farko, wata ma ta gwammace ta haihu a kan hanya. Manya suka ce mugunyar iska ce. Ashe iska tana zaɓen ɗaki?

Semmelweis bai gamsu ba. Ya canja yadda mata ke kwanciya lokacin naƙuda, ba ta sake zane ba. Ya hana kaɗa ƙararrawar limamin Kirista mai zuwa wurin masu gargara, ko tsoro ne ke kashe su. Nan ma shiru. Sai cikin 1847 abokinsa Jakob Kolletschka ya yanke da wuƙar wani ɗalibi suna cikin fiɗar gawa, ya mutu, aka kuwa ga alamun cutarsa daidai da na masu jegon nan. Nan take ya gane. Ɗalibai daga ɗakin gawa suke zarcewa su duba masu naƙuda, ungozomomi kuwa ba ruwansu da gawa.

Ki dubi nauyin wannan magana. Shi kansa yana cikin masu yawan fiɗar gawa, watau hannunsa ya kai mata da dama kabari. Wani likitan da sai ya ja bakinsa ya tsare mutuncinsa. Shi kuwa ya amsa laifin, har ya rubuta shi a littafinsa. A watan Mayu 1847 ya tilasta kowa wanke hannu da ruwan kulorin, irin maganin da ake zuba wa ruwan famfo. A Afrilu mata 18 cikin 100 suka mutu, a Yuni aka dawo wajen 2.

Kya ce za a yi masa kirari. Ina! Manyan likitoci suka ɗauki abin cin fuska ne a ce hannunsu na ɗauke da cuta, ga shi a lokacin ba a tabbatar da aikin ƙwayoyin cuta ba tukuna. Shugabansa Johann Klein ya ƙi sabunta masa aiki a 1849. Ya koma gida, a asibitin Rochus na birnin Pest, inda mutuwar masu jego ta faɗi ƙasa da 1 cikin 100.

Amma fa shi ma yana da nasa. Bai fitar da littafinsa ba sai 1861, shekara 14 bayan ya gano gaskiya, alhali mata na ta mutuwa a wasu asibitoci. Da aka musa masa kuma sai ya shiga rubuta wa manyan malamai wasiƙu yana kiransu masu kisan kai. A ganina da ya yi saurin rubutu, ya sassauta harshe, da an fi jin maganarsa.

Allah Sarki, cikin 1865 hankalinsa ya taɓu, aka kai shi gidan mahaukata a Viyana. Mako biyu ya yi ya mutu, yana da shekara 47, sanadin wani rauni a hannunsa da ya ruɓe. Bayan shekara biyu Joseph Lister na Ingila ya bayyana hanyarsa ta kashe ƙwayoyin cuta wajen tiyata, sa'an nan a hankali likitoci suka fara wanke hannu.