Alhaji Abubakar Imam: Mai Saro Labari Daga Nesa

Jama'a, wannan makon mun waiwayi rayuwar Alhaji Abubakar Imam, mutumin da yawancinmu muka fara jin daɗin karatun Hausa ta hanyar littattafansa.

An haife shi a Kagara, cikin Jihar Neja ta yanzu, a 1911, a gidan malamai. Ya fara da karatun allo da na littattafai, sannan ya shiga Kwalejin Katsina, ya fito ya zama malamin makarantar Midil ta Katsina. Wato tun yana saurayi ya riƙe Larabci da Turanci, ga kuma Hausa ta gado.

A 1933 wani Bature, Rupert East, na ofishin fassara da ke Zariya, ya sa gasar rubuta labari da Hausar boko. Lokacin nan malamai da yawa na ganin ƙaga labari aikin tatsuniya ne, na tsofaffi da yara. Imam bai ga haka ba. Ya rubuta Ruwan Bagaja, ya shiga sahun waɗanda suka ci, tare da yayansa Malam Bello Kagara mai Ganɗoki, da Abubakar Tafawa Ɓalewa mai Shaihu Umar.

A 1936 aka ɗauko shi zuwa Zariya, aka tara masa littattafan Larabawa da Indiyawa da Turawa, irin su Dare Dubu Da Ɗaya da Kalila wa Dimna. Daga nan Magana Jari Ce ya fito, littafi uku. To, ga inda gwanintar take. Bai tsaya ga fassara ba. Sai ya ɗauki ƙashin labarin, ya sauya sunaye da garuruwa, ya zuba sarki da waziri da alkali da 'yan kasuwa irin namu, ya ƙawata da karin magana, ya sa duka a bakin aku. Mu da muke fatauci mun san wannan: saro kaya daga nesa ba shi ne wuya ba, sanin abin da mutanenka za su karɓa shi ne sana'a.

A 1939 ya zama editan farko na jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo. A 1943, ana tsakiyar yaƙin duniya, ya tafi Ingila cikin tawagar 'yan jarida tare da Nnamdi Azikiwe, ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi. Daga baya ya riƙe manyan muƙaman gwamnati, amma bai ajiye alƙalami ba, har da tarihin Annabi (SAW) ya rubuta. Ya rasu a Zariya a 1981.

Mu da muke zaune nesa da gida, yaranmu na tashi da Turanci da harshen maƙwabtanmu. Wannan alheri ne, ciniki ma sai da shi. Amma da yawansu ba sa iya karanta wasiƙar Hausa layi biyar. Imam ya sha daga rijiyoyin wasu, bai bar tasa ta ƙafe ba. Duk mai zuwa Arewa saro kaya, don Allah ya haɗo da Magana Jari Ce, a riƙa karanta wa yara labari ɗaya bayan Isha'i.

Allah Ya jiƙansa, Ya gafarta masa, amin.